Yadda ake sayen kayan gida ta waya daga ƙauye, kaya su iso hannunka lafiya

Ni shagon cajin waya da POS nake da shi a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, kuma yau kusan shekara huɗu ke nan ina yi wa mutanen garinmu odar kaya ta waya. A watan da ya wuce kaɗai na yi odar fanka mai caji guda biyu, fitilar sola, saitin kuloli na wata amarya, zanin gado, takalman makaranta na yaran yayata, sai turare da man shafawa na matan gidanmu. Kullum sai an tsaya a bakin shago an ce dan Allah koya min, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta a nutse.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Mutane suna ɗauka wahalar tana wajen danna waya, wallahi ba nan take ba, danna waya yaro ma zai koya maka cikin minti goma. Wahalar mu 'yan karkara tana hanya ne, wato yadda kaya zai baro Legas ko Kano ya iso garin da ba sunan layi ba lambar gida. Saboda haka kafin kuɗi ya fita daga hannunka, ka tabbata ka san ta inda kayan zai biyo da hannun wanda zai sauka.

Abubuwan da za ka tanada

Waya babba mai caji da data, ba sai mai tsada ba. In ƙaramar waya gare ka, ka nemi wani amintacce ya yi maka da tasa amma lambarka za a saka, ba tasa ba.

Layi mai shiga kullum, da lamba ta biyu ta wani ɗan gida. Da yawa kaya suna komawa ne kawai saboda an kira sau uku waya a kashe, mai ita yana gona.

Asusun da za ka biya da shi, na banki ko OPay, PalmPay, Moniepoint. Ni shawarata ka ware guda ɗaya na saye-saye kawai, kuɗin kayan da za ka saya kaɗai za ka riƙa zubawa a ciki. Kuɗin amfanin gonarka da na adashi su zauna wani wuri daban.

Tef ɗin awo irin na tela. Kar ka raina wannan, za ka ga amfaninsa.

Ƙaramin littafi da biro.

Sai mutum ɗaya a babban gari mafi kusa da ku, mai shago a bakin titi ko kusa da tasha wanda ba ya rufe shago da rana, wanda zai yarda ya karɓar maka saƙo. Wannan mutumin ya fi duk sauran abubuwan da na lissafa muhimmanci.

1. Ka auna kafin ka buɗe waya

Hoto ba ya faɗin girman abu. An taɓa kawo wa wata Inna a layinmu tukwane da ɗanta ya gani a hoto kamar za a yi tuwon suna a ciki, da aka buɗe kwali babbar cikinsu da ƙyar take ɗaukar gwangwani uku na shinkafa, kuma da muka koma muka duba ashe an rubuta girman a ƙasan hoton, ba a karanta ba ne. To ka ɗauki tef. In zanin gado ne ka auna katifa, 4 da 6 ce ko 6 da 6, har kaurinta. In labule ne ka auna faɗi da tsawon taga ko ƙofa ka ƙara kaɗan. Masu sayarwa wasu da inci suke rubutawa wasu da santimita, inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya inci 36, turmin atamfa kuma yadi 6 ne, in ka ga araha ta yi yawa ka tambaya ko rabin turmi ne. Fulas da kula da tukunya kuwa lita za ka duba, ka ɗauko wadda ke gida da ka san litarta ka kwatanta.

Takalmi ya fi komai ba da ciwon kai. Ka sa mai takalmin ya taka farar takarda a tsaye, ka zana ƙafar, ka auna daga dunduniya zuwa babban yatsa da santimita, sai ka duba jadawalin girma da mai kayan ya saka. Kayan Chaina, riga da takalmi, sau da yawa suna zuwa a matse, in kana tsakanin lamba biyu ɗauki babbar. Na yara kuwa dama ƙari ɗaya ake yi.

2. Ka san farashin kasuwa tukuna

Ba komai ne ya fi araha a intanet ba, kar wani ya ruɗe ka. Roba, bokiti, baho, kwanukan silba, tabarma, irin waɗannan ranar Lahadi ka shiga Gujungu ka ɗaga ka ƙwanƙwasa ka taya, ya fi maka. In kana da wanda ke shiga Kano, ya tambayo maka robobi a Kofar Wambai, yadi da atamfa a Kantin Kwari, waya da caja a Farm Centre. Ka rubuta farashin a littafinka. Sannan duk abin da ka gani a waya ka haɗa lissafi uku: kuɗin kaya, kuɗin kawowa, da kuɗin motarka ko na ɗan acaɓa zuwa inda za a sauke. A ce abu naira 9,000 ne, kawowa 2,500, zuwa da dawowarka 1,500, kaga ya tashi 13,000 ke nan, in a kasuwa 12,000 ne to me ka yi? Inda waya take da riba shi ne abin da babu shi a kusa, ko abin da ake son launi da samfuri na musamman, ko in kaya da yawa za a haɗa a tafiya ɗaya.

3. Ka zaɓi inda za ka saya

Wuraren iri uku ne kuma kowanne da halinsa.

Akwai manyan manhajoji na cikin gida irin Jumia da Konga, dukkansu a Legas suka fara a 2012. Su ne ya kamata sabon shiga ya fara da su, domin akwai lambar oda, akwai tsarin mayar da kaya a rubuce, wasu kayan ma ana yarda ka biya bayan an kawo, ko da yake ba kowane kaya ba kuma ba kowane gari ba.

Akwai masu kawowa daga Chaina irin AliExpress da Temu. Ƙananan abubuwa suna araha a can amma sai ka biya tukuna, kuma a jira mako biyu, uku, wani lokaci ya haura wata. Abin da ake buƙata da gaggawa kar a nema a nan.

Sai na uku wanda a gaskiya shi mutanenmu suka fi yi, masu talla a WhatsApp, Facebook, Instagram da TikTok, yawanci 'yan Kano ne, mata masu sana'a a gida da yaran shago na kasuwa. A nan ake samun kayan da suka dace da mu, hijabi, turaren wuta, humra, kayan kicin na amare, kuma da Hausa za a yi ciniki. Amma babu kowa a tsakani, daga kai sai shi sai Allah. Haka Jiji ma, wurin talla ne kawai, ka ga kaya ka kira mai shi, don haka can sai wanda zai je ya gani da ido kafin ya biya.

4. Ka karanta bayani, ka bar kallon hoto

A manhaja in ka danna kaya ka gangara ƙasa, can bayanin gaskiya yake. Ka duba guda nawa ne, domin hoto zai nuna kofi shida alhali farashin guda ɗaya ne. Ka duba taurarin da masu saye suka ba shi, amma ni na fi karanta na waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, su ne za su ce batir ba ya daɗewa ko murfi ba ya rufuwa. In akwai hoton da mai saye ya ɗauka da wayarsa, shi ne ainihin abin da za a kawo maka. Turanci ya yi maka nauyi? Ka kira ɗalibi ya karanta maka, ba abin kunya ba ne.

Kayan wuta ina so in daɗe a kansu kaɗan saboda su ne rabin odar da nake yi. Wutar Najeriya 220 zuwa 240V ce, duk abin da aka rubuta 110V kaɗai a jikinsa na ƙasashe irin Amurka ne, kana jonawa zai ƙone. Blanda, dutsen guga, hita, butar lantarki, suna jan wuta sosai, dutsen guga kaɗai yakan kai wat 1,000 ko fi, ƙaramin janareto ko 'yar solar gida ba za su ɗauka ba, in garinku ba NEPA kar ka sayi abin da zai zama ado a kan kabad. Fanka mai caji ka duba inci nawa ce, batirin ana iya cirewa a canza ko a rufe yake, kuma tana karɓar fanel na sola ko sai wuta, domin wasu hoton da fanel amma fanel ɗin daban ake sayarwa. Fawa banki kuma ka sani ko na gaske ne ba ya ba ka duk abin da aka rubuta, mai 10,000mAh abin da zai shiga wayarka bai fi 6,000 zuwa 7,000 ba, sauran yana tafiya wajen juya wutar. In ka ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000 a farashin banza, wuce kawai.

Man shafawa, sabulu, duk abin da zai taɓa fata, ka ce a nuna maka lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Magani kuwa, ko na asibiti ko haɗin da ake tallarsa wai yana maganin komai, ni ba na yi wa kowa odarsa ko nawa zai ba ni.

5. In mai talla ne a WhatsApp ko Facebook, ka gwada shi

Ba a cinikin biri a sama. Ka fara da sallama, ka tambayi farashi, sannan ka ce: "Hajiya dan Allah a ɗauko min kayan a bidiyo yanzu, a juya shi in ga ciki da baya." In da hali ma bidiyo kol ya fi. Mai kaya a hannu minti biyar ya ishe ta, wanda hoton wasu ya kwaso zai fara cewa kayan suna sito, yaro ya tafi da makulli, netwok ba kyau. Ka tambayi inda shago ko gidan yake, in kana da ɗan uwa a Kano ka ce zai zo ya karɓa ya biya a hannu, ko da ba ka da niyyar turawa ka faɗa ka ji amsa. Mai gaskiya zai ce bismillah ya zo, ga kwatance. Ka duba shafin ma, yaushe aka buɗe shi, mutane suna magana a ƙasa ko an kulle wurin sharhi.

Alamar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce gaggawa. "Saura ɗaya, tura yanzu kar wani ya riga ka." Duk mai hanzarta ka haka ka ja baya. Kuma karon farko da kowane mai kaya ka fara da abu ƙarami, in ya cika alkawari sai a ƙara.

6. Ka shirya hanya, wannan shi ne zuciyar aikin

A manhaja, wurin adireshi kar ka rubuta sunan ƙauyenku kawai ka zauna jira, masu kawo kaya ba sa shiga hanyar burji. Hanya biyu ce. Ko dai ka duba jerin ofisoshin karɓar kaya da manhajar ta nuna a jiharka ka zaɓi mafi kusa, wannan ya fi araha ma, sai dai kwanaki kaɗan ake ajiye maka, in ba ka je ba a mayar. Ko kuma ka saka adireshin mutumin nan naka na babban gari, Ringim, Dutse, Hadejia, Gumel, Kazaure, Wudil, duk wanda ya fi kusa da kai. Ka rubuta sunan titi da wata alama da kowa ya sani, kusa da babban asibiti, kallon gidan mai, bayan masallacin Juma'a. Ka sa lambarka da tasa. Kuma ka sanar da shi tun ranar, kar a kira bawan Allah ya ce bai san zancen ba.

In babu kowa gare ka a gari fa? Ka je tasha ka gaisa da kamasho, ka gabatar da kanka, ka karɓi lambarsa. Ɗan abin goro da za ka ba shi ya fi asarar kwali guda.

7. Biya

Inda aka yarda a biya bayan an kawo, zaɓi wannan. Inda sai an biya tukuna a manhaja, ka biya a cikin manhajar, in wani ya kira ka ya ce shi ma'aikacinsu ne ka tura wani asusu za a yi maka ragi, kashe wayarka.

Transfa ga mai talla kuwa, lambar asusu guda 10 ce, kana sakawa suna zai fito, ka tsaya ka karanta sunan. In kana ciniki da Hajiya wance sai ga sunan wani daban ya fito, ka tambaya dalili kafin ka danna. Ka nemi a raba biyan, rabi yanzu rabi in kaya ya hau mota, da yawa suna yarda. Kana turawa ka ɗauki skirinshot na risit, ka tura mata, ka rubuta a littafi: rana, kaya, kuɗi, suna, lamba. In a wurin mai POS ka biya ka karɓi takardar ka ɗauke ta a hoto nan take, rubutunta yana gogewa cikin 'yan makonni, musamman a aljihu da zafi.

Lambar sirrin katinka, lambobi ukun da ke bayan kati, BVN, da lambar nan da ake turowa ta tes wato OTP, babu mai sayar da kaya ko mai kawo kaya da yake buƙatarsu a baki. Wani dattijo a garinmu an kira shi aka ce kayansa sun maƙale sai ya karanto lambar da ta shigo, Allah ya sa ya zo shago in karanta masa, da kuɗin riɗinsa gaba ɗaya sun tafi.

8. Saƙo a mota

Kayan Kano yawanci webil ake yi mana, wato a ba direban motar haya saƙo ya kawo, mu na ɓangaren Ringim, Gumel da Hadejia daga tashar Yankaba ake sakowa. Ka ce wa mai kaya ta rubuta sunanka da lambarka da garin da za a sauke da babban biro (maka) a jikin kwali, manya-manya, ba a 'yar takardar da za ta ɓalle ba. Abin fashewa a naɗe da tsumma ko jarida, a zagaye da salatif, da damina a saka cikin leda. Sannan ta turo maka abu uku: hoton kwalin, lambar direba, lambar mota. Ku yi magana a fili wa zai biya kuɗin mota, kuma an biya ko kai za ka biya, nan ake yawan rigima a bakin titi.

Kai ma ka kira direban da kanka. "Salamu alaikum, Malam direba, ni ne mai kwalin da za a sauke a Gujungu, dan Allah kar a ɗora masa buhu, tangaran ne a ciki, in kun wuce Ringim a yi min filashin." Ka fito titi kafin ya iso, direba da fasinja a mota ba zai tsaya jiranka ba, zai wuce da shi Hadejia ne sai kuma gobe in an dace. Ni na fi son a saka min kaya a motar safe, ta yamma tana isowa bayan magariba, ga duhu ga ba a iya duba komai.

9. Ka buɗe a wurin, kana ɗaukar bidiyo

Ka ba wani waya ya riƙe, a fara ɗauka tun kwali yana rufe, a nuna sunan da ke jiki, sannan a yanka salatif. Ka ƙirga, ka duba launi da girma, ka duba tsagewa. Abin wuta a jona a gwada a ranar, fanka ka cika ta da caji ka kunna ka ga awa nawa za ta yi. Fulas da kula ka zuba tafasasshen ruwa da daddare ka duba da safe. Kwali, leda, takardar da ke rataye a jikin riga, kar a yar, kar a ba yara su yi mota da kwalin, sai an tabbatar komai lafiya. Takalmi a gwada a kan tabarma, in ya taka ƙasa ba mai karɓa.

10. In abu bai yi ba

A ranar za ka yi magana, ba bayan sati biyu ba. Manhajoji suna da wa'adin mayarwa, sau da yawa kwana 7 ne daga ranar karɓa, ka duba na kayanka domin ya bambanta, kuma tufafin ciki da turare da man da aka buɗe galibi ba a karɓarsu. Ka shiga odar ka nemi wurin mayarwa, ka saka hoto. Mai talla kuwa ka tura mata bidiyon da lafazi mai kyau, "Hajiya ga yadda ya iso, ya za a yi?" Na ga da yawa sun canza kaya ko sun rage kuɗi saboda an yi musu magana da mutunci, zagi tun farko bulokin kawai yake jawowa. In kuwa ta tabbata damfara ce, an karɓi kuɗi an rufe layi, ka garzaya bankinka ko ka kira su a ranar da risit a hannu, sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka kuma faɗa wa mutanen gari lambar da sunan asusun domin kar a kama wani.

Wani abu da muke yi yanzu a garinmu, kuma ya rage mana kashe kuɗi sosai, shi ne haɗa oda. Mata biyar ko shida su faɗi abin da suke so daga wurin mai kaya ɗaya, a saka a kwali guda, kuɗin mota a raba. Sai dai mai haɗawa ya rubuta sunan kowa da kuɗinsa, kuma kowa ya biya kafin a tura, bashi ba ya shiga wannan harka. Kayan sallah da na biki kuma a yi odarsu da wuri, ni daga goma ga azumi nake rufe karɓar odar sallah, domin goman ƙarshe tasha cike take, direbobi suna ƙara kuɗin saƙo, kuma in takalmin yaro ya zo bai shiga ba babu sauran kwanakin da za a mayar a canzo.